Ƙasar Gwamna, Ginin Talaka: Asalin Takardar Mallakar Fili a Nijeriya

A bakin dillalai da ma'aikatan banki da magidanta, sunanta takardar mallaka. Ita ce wadda ake kira C of O, wadda gwamnan jiha ke sanya wa hannu, wadda ma'aikaci kan yi shekaru yana safa da marwa a ma'aikatar ƙasa da safiyo kafin ta fito. Amma duk wanda ya zauna ya karanta ta a tsanake zai tarar ba ta ce ya mallaki ƙasar ba. Abin da ta shaida shi ne an ba shi haƙƙin zama da amfani da filin na wani ƙayyadadden lokaci, galibi shekara 99 in filin gidan zama ne, bisa sharaɗin ya riƙa biyan harajin ƙasa, ya yi gini cikin wa'adi, ya kuma nemi izini kafin ya sayar ko ya jinginar. Ƙasar kanta, a idon doka, tana hannun gwamna a matsayin amana.

Mafi yawan mutane suna jingina wannan tsari ga Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa. Ga mutanen Kudu kam, sabon abu ce ta zo da shi. A Arewa kuwa tsarin ya girmi dokar da shekara 68. An tsara shi a wani kwamiti da ya zauna a Landan, aka kafa shi doka a 1910, gwamnatin Sardauna ta gaje shi a 1962, sannan soja suka shimfiɗa shi a kan ƙasar baki ɗaya. Duk mai son gane dalilin da ya sa sayen gida a Kano ko Kaduna ke buƙatar lauya da sa hannun gwamna, da dalilin da ya sa mafi yawan jama'a ke ciniki ba tare da ko ɗaya daga cikinsu ba, sai ya bi wannan tarihi tun daga tushe.

Gona kafin zuwan Turawa

A Daular Usmaniyya, wadda jihadin 1804 ya kafa, ƙa'idar malamai game da ƙasa a rubuce take. A mazhabar Malikiyya, ƙasar noman da aka ci da yaƙi ba a raba ta kamar sauran ganima. Waƙafi take zama ga al'ummar Musulmi, shugaba na kula da ita. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta ɗan littafi mai suna Ta'alimur Radi, inda ya bayyana hanyoyin da mutum ke samun keɓantaccen haƙƙi a kan matacciyar ƙasa, wato wadda ba kowa a kanta: ko ya raya ta da aikin hannunsa, ko shugaba ya yanka masa. Ya kuma yi bayanin hurumin gari da makiyayar da ake keɓe wa jama'a.

Wannan ita ce ƙa'idar littafi. A ƙauye kuwa, abin da manomi ya sani shi ne gonar da ubansa ya bar masa tasa ce, kuma harshen Hausa kansa ya ba da shaida. Akwai gonar gado da gonar saye, akwai jingina da aro da haya da kyauta, akwai gandun gida da gayaunar da ake yanka wa ɗa ko mata. Al'ummar da ba ta san haƙƙin mutum a kan gona ba, ba za ta tara waɗannan kalmomi ba. Inda daji ke da yawa, baƙo kan je wurin dagaci ya yi gaisuwa a nuna masa inda zai share, in ya yi ƙaura gonar ta koma hannun dagaci. A kewayen birnin Kano, inda jama'a suka yi yawa, gona na shan taki ana noma ta kowace damina, ta yi daraja har ana cinikinta. Sarakuna da attajirai kuma suna da manyan gandaye da rinjojin da bayi ke nomawa.

Akwai kalma guda da ta zama sanadin ruɗani daga baya. Heinrich Barth, Bajamushen matafiyin da ya sauka Kano a 1851, ya rubuta cewa kowane magidanci na biyan wuri 2,500 kuɗin ƙasa. A Hausa, ƙasa tana nufin turɓayar da ake shuka a kanta, tana kuma nufin yankin da sarki ke mulka. Kuɗin ƙasa haraji ne da talaka ke bai wa sarkin da yake zaune ƙarƙashinsa. Da Turawa suka zo, wasu daga cikinsu suka ɗauke shi kuɗin hayar gona. In haya ce, to sarki shi ne mai gonar, manomi kuwa ɗan haya.

Lugga da hujjar cin yaƙi

Ran 1 ga Janairu 1900 gwamnatin Birtaniya ta karɓi mulki daga hannun kamfanin Royal Niger, ta naɗa Frederick Lugard, wanda Hausawa ke kira Gwamna Lugga, babban kwamishinan Arewa. A shekarar nan ya kafa dokar da ta hana baƙo samun fili daga hannun ɗan ƙasa sai da yardar babban kwamishina. A 1902 ya raba ƙasa gida biyu a doka: filayen da aka gada daga kamfani, waɗanda suka zama na Sarkin Ingila, da filayen gwamnati, waɗanda suka haɗa da na sarakunan da aka ci da yaƙi ko aka tuɓe.

Kano ta faɗi a watan Fabrairu 1903, Sakkwato ta biyo baya a Maris. A jawabin da Lugga ya yi wa manyan Sakkwato bayan yaƙin, ya kafa hujjarsa ƙarara. Ya ce Fulani sun ci ƙasar nan da yaƙi zamanin Shehu, suka sami ikon mulki da karɓar haraji da naɗa sarakuna da tuɓe su. Yanzu an ci su da yaƙi, saboda haka duk wannan iko ya koma hannun Turawa, har da ikon da suke da shi a kan ƙasa. Ya ƙara da cewa gwamnati za ta ɗauki duk filin da take buƙata don aikinta, kuma ma'adinai nata ne.

Hujjar ta bar tambaya babba ba amsa. Mene ne ainihin abin da sarakunan suka mallaka wanda Turawa suka gada? Ikon mulkar yanki ne, ko mallakar kowace gona? Lugga ya bar Arewa a 1906 bai warware ba.

Kwamitin da ya zauna a Landan

Wanda ya gaje shi, Sir Percy Girouard, injiniyan soja ne haifaffen Kanada, wanda ya yi suna da shimfiɗa layin dogon da ya ratsa hamada daga Wadi Halfa lokacin yaƙin Kitchener a Sudan. Ya zo Arewa a 1907 da aikin shimfiɗa dogo daga Baro zuwa Kano, kuma ya san abin da jirgin ƙasa ke yi wa farashin fili: duk inda tasha ta sauka, masu kuɗi su saye kewayenta su zauna jiran riba.

Girouard na cikin waɗanda ra'ayin Henry George ya yi wa tasiri. George Ba'amurke ne wanda littafinsa na 1879 kan ci gaba da talauci ya karaɗe duniyar masu jin Turanci. Hujjarsa ita ce darajar fili tana tashi ne saboda jama'ar da suka taru a kewaye da ayyukan da aka yi da dukiyarsu, alhali mai filin na iya kwanciya bai ɗaga ko tsinke ba. Don haka wannan ƙarin daraja haƙƙin al'umma ne, gwamnati ta karɓe shi haraji. A Ingila, inda manyan masu filaye ke riƙe da Majalisar Dattawa, wannan ra'ayi bai da hanyar zama doka cikin sauƙi. Arewacin Nijeriya kuwa yanki ne da aka ci da yaƙi jiya-jiya, ba majalisa, ba lauyoyi, ba jaridun da za su yi gardama.

A 1908 Ofishin Mulkin Mallaka ya kafa Kwamitin Filayen Arewacin Nijeriya ƙarƙashin Sir Kenelm Digby. Cikin mambobinsa akwai Razdan Charles Temple, da Charles Strachey na ofishin, da Josiah Wedgwood, ɗan majalisar da ya shahara da bin ra'ayin George. A Landan kwamitin ya zauna, kuma shaidun da ya dogara da su jami'an mulkin mallaka ne da 'yan kasuwar Turai. Ya kammala da cewa al'adar Arewa ba ta san mallakar ƙasa ta mutum ɗaya ba, ƙasa ta jama'a ce a hannun mai mulki, kuma wajibi ne a hana saye da sayar da ita kafin abin ya yi jijiya.

Daga wannan rahoto aka fitar da Dokar Ƙasa da Haƙƙin 'Yan Ƙasa ta 1910. Ta ayyana dukan ƙasar Arewa, wadda ake zaune a kai da wadda ba kowa, a matsayin ƙasar 'yan ƙasa, sannan ta sanya ta ƙarƙashin ikon gwamna, ya riƙe ta don amfanin jama'a baki ɗaya. Ba wani haƙƙin zama da zai inganta sai da yardarsa. Abin da zai bayar kuwa haƙƙin zama ne, da takardar shaida, da kuɗin hayar da za a riƙa sabuntawa lokaci zuwa lokaci. Daga nan takardar C of O ta samo asali. Masanin tarihi Steven Pierce, wanda ya yi bincikensa a Ungogo, ya nuna a littafinsa na 2005 yadda wannan tsari da aka kira na gargajiya ya yi nisa da abin da manoman Kano ke yi a zahiri.

Abin da dokar ta kare da abin da ta binne

Adalci ne a faɗi alherin da dokar ta yi. Ta toshe ƙofar da Turawa 'yan kaka-gida da kamfanonin manyan gonaki za su bi su mamaye ƙasar noma. Dogo ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a shekarun da suka biyo, kuma ƙananan manoma ne suka noma gyaɗar a gonakinsu, kamfanoni na saye a hannunsu. Girman wannan kariya yana fitowa in aka dubi inda Girouard ya tafi bayan Arewa. A 1909 aka mayar da shi gwamnan yankin da ya zama Kenya, inda a zamaninsa aka tashi Masai daga makiyayarsu ta Laikipia don a bai wa Turawa manoma, rikicin da ya kai shi ga ajiye aiki a 1912.

Abin da dokar ta binne shi ne haƙƙin manomi a rubuce. Takardar shaida ta zama ta kamfanonin Turai da 'yan kasuwar Kwara da mazauna unguwannin da gwamnati ta yanka. Talaka ya ci gaba da gado da jingina da saye kamar da, a gaban dagaci da hakimi da alƙali, alhali doka na cewa ba a sayar da ƙasa. Bayanan majalisar shari'ar Sarkin Kano Abbas na 1913 zuwa 1914, waɗanda Allan Christelow ya fassara, suna ɗauke da shari'o'in gonaki da gidaje da sarki ya yanke bisa shari'a da al'ada. Tun daga lokacin ƙasa ta zama mai fuska biyu: ta takarda ga 'yan tsiraru, ta shaidun baka ga sauran jama'a. Lugga ya dawo a 1912, aka haɗe Arewa da Kudu a 1914, aka sake kafa dokar a 1916 da 'yan gyare-gyare, ginshiƙinta bai motsa ba. Har Tanganyika ta kwaikwaye ta a dokar ƙasarta ta 1923.

Kudu ba ta yarda ba. A 1912 aka kafa wani kwamiti don duba yiwuwar kai irin wannan tsari sauran yankunan Afirka ta Yamma. Lauyoyi da 'yan jarida da sarakunan Ikko da na Gwalkwas suka yi masa ca, yaƙin duniya na farko ya riske shi, aikinsa bai zama doka ba. A 1921 kuma Amodu Tijani, Oluwa na Ikko, ya kai ƙara har Landan da rakiyar Herbert Macaulay, kan filin Apapa da gwamnati ta karɓe. Kotun ƙarshe ta daular Birtaniya ta yanke cewa miƙa Ikko ga Ingila a 1861 bai shafe haƙƙin al'umma a kan ƙasarsu ba, kuma dole a biya diyya. Ta haka Nijeriya ta isa ranar 'yanci da tsari biyu: a Kudu ƙasa ta dangi ce da al'umma da ɗaiɗaikun mutane, a Arewa tana hannun gwamna.

Gadon da gwamnatin Arewa ta riƙe

Bayan 'yanci, gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ta sami damar rushe tsarin, amma ta zaɓi riƙe shi. Dokar Riƙon Ƙasa ta 1962 ta ɗauke ikon daga hannun gwamna ta mayar ga ministan ƙasa da safiyo. Ta raba haƙƙin zama gida biyu: wanda hukuma ke bayarwa a rubuce, da na gargajiya wanda ɗan ƙasa ke riƙe da shi bisa al'ada, En'e na kula da shi. Ta kuma fassara ɗan ƙasa da wanda ubansa ya fito daga wata ƙabila ta asalin Arewa. Duk wanda bai shiga wannan fassara ba, ko Bature ne ko mutumin Kudu, ba ya samun fili sai da yardar minista.

Dalilin riƙewar ba ɓoyayye ba ne. Zamanin arewantar da ayyuka ne, kuma shugabannin Arewa na tsoron kada 'yan kasuwar da suka fi jari da ilimin boko su saye filayen garuruwa. Dokar da Turawa suka kafa don hana 'yan'uwansu Turawa ta zama garkuwar yanki a gasar da ke tsakanin jihohi uku na lokacin.

Yadda soja suka shimfiɗa tsarin Arewa a kan ƙasa duka

Kuɗin man fetur na shekarun 1970 ya hauhawar da farashin filaye da kuɗin haya, musamman a Ikko. Gwamnati na son filaye don hanyoyi da gidaje da masana'antu, sai ta tarar a Kudu diyya ta yi tsada, shari'o'in dangi ba sa ƙarewa, fili ɗaya a sayar wa mutum uku. A Arewa kuwa karɓar fili bai da wannan wahala. A 1977 aka kafa kwamitin amfani da ƙasa ƙarƙashin Mai Shari'a Chike Idigbe na Kotun Ƙoli. Rinjayen mambobinsa ba su goyi bayan mayar da ƙasa hannun gwamnati ba. Rahoton marasa rinjaye, na Farfesa R. K. Udo, shi ya goyi baya, kuma shi gwamnati ta ɗauka. Ran 29 ga Maris 1978 aka kafa Doka mai lamba 6.

Sashe na 1 ya danƙa dukan ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta, amana don amfanin dukan 'yan Nijeriya. Kusan lafazin 1910 ne, sai dai an cire bambancin ɗan ƙasa da baƙo tsakanin 'yan Nijeriya. Filayen birni na ƙarƙashin gwamna, na karkara na ƙarƙashin ƙaramar hukuma, wadda za ta iya ba da haƙƙin gargajiya har hekta 500 don noma ko 5,000 don kiwo. Wanda ke da ginannen fili a birni kafin dokar ya ci gaba da riƙe shi tamkar gwamna ne ya ba shi. Mai filin da ba a gina ba kuwa, rabin hekta aka bar masa. Sashe na 22 ya hana sayarwa ko jinginarwa ko miƙa fili ba da amincewar gwamna ba, sashe na 26 ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar ɓatacce ne. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke haƙƙin zama saboda maslahar jama'a, sashe na 29 ya tsayar da diyya a kan gini da shuka da sauran aikin da aka yi a filin, ban da darajar ƙasar kanta.

Kafin su miƙa mulki, soja suka ɗaure dokar a jikin kundin tsarin mulki na 1979, aka maimaita haka a sashe na 315 na kundin 1999. Gyara ta na buƙatar kashi biyu cikin uku na kowane zaure na Majalisar Tarayya, da amincewar majalisun jihohi 24 daga cikin 36.

Abin da diyyar gini da shuka ke nufi ga manomi ya bayyana a Bakolori, kusa da Talata Mafara. An gina madatsar ruwa a kan kogin Sakkwato a shekarun 1970, ruwa ya cinye garuruwa da gonaki, aka karɓi wasu gonakin don aikin noman rani. Manoma suka yi ta kukan diyyar da ba ta zo ba ko ba ta kai ba, da gonakin da aka jinkirta mayar musu. Da suka tare hanyoyin aikin, aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma a watan Afrilu 1980, aka kashe mutane da yawa. Gonar da dangi suka yi shekaru aru-aru suna ci daga gare ta, a lissafin doka darajarta ba ta wuce amfanin da ke kanta da itatuwanta ba.

Dokar a gaban kotu da a hannun dillali

Kotun Ƙoli ce ta nuna wa bankuna da lauyoyi nauyin sashe na 22. A shari'ar bankin Savannah da Ajilo, wani mutum ya jinginar da gidansa na Ikko, wanda ya mallaka tun kafin 1978, don bashin da wani kamfani ya ci. Da bankin ya tashi sayar da gidan, sai mai gidan ya kai ƙara cewa ba a nemi amincewar gwamna ba lokacin jinginar. A 1989 kotu ta yarda da shi: ko wanda ya riƙe filinsa kafin dokar yana buƙatar amincewar, kuma jinginar ɓatacciya ce. Daga baya, a shari'ar Awojugbagbe da Chinukwe ta 1995, kotun ta sassauta: ana iya ƙulla yarjejeniya kafin a sami amincewar, sai dai ba ta cika sai an samu.

Wasu hukunce-hukunce biyu sun shafi kowane mai saye. A shari'ar Ogunleye da Oni ta 1990, kotu ta ce takardar C of O ba hujja ce yankakkiya ba. In wani ya tabbatar yana da haƙƙin da ya riga ta, takardar ba za ta ceci mai ita ba. A shari'ar Ude da Nwara ta 1993, ta ce takardar wakilci ba ta mayar da haƙƙin fili daga wani zuwa wani. Wannan na biyun ya taɓa dabarar da ta yaɗu a birane, inda mai saye ke karɓar takardar wakilci daga mai sayarwa don kauce wa kuɗi da jinkirin neman amincewa.

Daga waɗannan dokoki da hukunce-hukunce aikin lauyan filaye na yau ya fito: bincike a rajistar ƙasa don a ga ko filin na kan jingina ko ƙarƙashin shari'a ko cikin yankin da gwamnati ta karɓe, bin salsalar haƙƙin tun daga mai shi na farko, rubuta takardar miƙa haƙƙi, neman amincewar gwamna, biyan harajin hatimi, sannan rajista. Kowane mataki na da kuɗinsa da jiransa, shi ya sa mafi yawan jama'a ke bin tsohuwar hanya. A gefen Kano ana bambanta awon gwamnati da awon igiya, wato gonar da mai ita ko dillali ya yanka fuloti-fuloti, a sayar da takardar da shaidu da mai unguwa suka sa wa hannu. Sashe na 36 na dokar ya hana yanka irin waɗannan gonakin karkara fuloti ko miƙa su ga wani, har ya tanadi tara ko ɗauri, amma unguwanni manya-manya sun tashi ta wannan hanya. Mai irin wannan takarda yakan zauna lafiya da maƙwabtansa. Rauninta na bayyana ne ranar da ya je banki neman bashi, ko wani ya zo da takardar gwamnati a kan filin, ko aka zana hanya ta bi ta tsakar gidansa.

Gado ma bai tsira ba. Alƙali na iya raba gida tsakanin magada bisa shari'a, kowa ya san rabonsa, amma takarda na nan da sunan mamaci. Sashe na 24 ya ce haƙƙin zaman da gwamna ya bayar ba a raba shi gida biyu ko fiye saboda mutuwar mai shi sai da amincewar gwamna. Magada da yawa ba sa komawa ma'aikatar ƙasa, sai a wayi gari jikoki na son sayar da gidan da ke ɗauke da sunan kakan da ya rasu shekara 30 da suka wuce.

Gyaran da ya ƙi yiwuwa

Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sanya gyaran tsarin ƙasa cikin manufofinsa bakwai. A 2009 ya kafa kwamiti ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, ya kuma aika wa Majalisar Tarayya ƙudurin rage abubuwan da ke buƙatar amincewar gwamna. Ƙudurin bai zama doka ba. Adadin da aka riƙa ambata a lokacin shi ne ƙasar da aka yi wa rajista a Nijeriya ba ta wuce kashi 3 cikin 100 ba. Cire ikon na buƙatar yardar majalisun jihohi, ikon rabon fili da soke shi kuwa na cikin manyan makaman da gwamna ke da su wajen saka wa masoyi da ladabtar da abokin hamayya. Abin da aka samu maimakon gyaran doka shi ne gyaran ofis: hukumomin da ke ajiye bayanan filaye a kwamfuta, irin su AGIS a Abuja da KADGIS a Kaduna da KANGIS a Kano, da shirye-shiryen bai wa unguwannin awon igiya takardu a dunƙule.

Maƙwabciyar Arewa ta gwada wata hanyar. A Jamhuriyar Nijar, dokar tsarin karkara ta 1993 ta amince cewa mallakar gona bisa al'ada mallaka ce a doka daidai da ta rubuce, ta kuma kafa kwamitocin ƙasa har matakin ƙauye don su rubuta gado da saye da jingina da aro a inda ake yin su. Aiwatarwar na da nata matsalolin, amma ta fara ne daga abin da manomi ke yi, ta nemi ba shi takarda. Tsarin 1910 ya fara daga abin da kwamitin Landan ya so manomi ya kasance yana yi.

Kalmar da ta ratsa dokokin 1910 da 1962 da 1978 ita ce riƙon ƙasa don amfanin jama'a. A shari'a ko a dokar Turawa, mai riƙon amana yana da wanda zai tsaya gabansa ya ba da lissafi. Dokar 1978 ta tanadi kwamitin rabon filaye a kowace jiha, amma gwamna ne ke naɗa mambobinsa, kuma kan rabon fili shawara kawai suke ba shi. Akwai kuma tambayar da ke tafe a hankali. Takardun shekara 99 da aka bayar a shekarar farko ta dokar wa'adinsu zai cika a 2077, lokacin da jikokin masu su ke zaune a gidajen, kuma dokar ba ta fayyace sharuɗɗan sabunta su ba.